Jirgin faiba na hannu mai ƙafa 23: ya dace da fitar iyali, in an san inda za a duba

Magidancin da ya saba fita fatsa da ƙaramin kwale-kwale, shi da aboki ɗaya, ranar da ya fara tunanin ɗaukar uwargida da yara, jirgin da dillalai za su fara nuna masa kusan ɗaya ne: farin jirgin faiba, wato na zaren gilas da aka daskarar da ɗanko, buɗaɗɗe, mai dogon hanci, mai tsawon ƙafa 23, wato mita 7, wanda 'yan kasuwar jirage ke kira W23. Asalin zanen na Yamaha ne. Almarine, sashen ƙera jirage na kamfanin John Holt, ya daɗe yana fitar da jiragen faiba a Najeriya, sannan ƙananan maƙera a Legas, Warri da Fatakwal sun kwaikwayi siffar suna zuba nasu. Shi ya sa na hannu ya fi yawa a Kudu, inda ya yi aikin jigilar fasinja ko kamun kifi a bakin teku, daga can ake loda shi a mota zuwa Yawuri, New Bussa, Jebba, Tiga ko Dadin Kowa.

Hukuncinmu a kansa shi ne: ga iyali mai mutum shida zuwa takwas, a tafki ko babban kogi, da wuya a sami jirgin da ya fi shi dacewa da aljihu da kuma irin makanikan da muke da su. Amma kyan fenti da ƙyallin kwalin inji ba su ne jirgin ba. Kuɗin mai saye yana tsira ko ya nutse a wurare uku da ido ba ya gani daga nesa: allon baya da ake ɗaura inji, ƙarƙashin daben ciki, da cikin injin kansa.

Abin da ya fi burgewa a jirgin shi ne sauƙinsa. Babu ɗaki, babu tankin mai da aka binne a ciki, babu wayoyin lantarki masu yawa. Ƙwarya ce da benci, sai inji a baya. Abin da babu shi ba ya lalacewa. Tsawonsa yana sa ya ratsa ƙananan raƙuman ruwan da iskar yamma ke tayarwa a tafki ba tare da bugun da jirgi mai ƙafa 16 ko 17 ke yi ba, kuma idan yaro ya matsa gefe ɗaya don ya leƙa kifi, jirgin ba ya tangaɗi irin na kwale-kwalen katako mai siririn ciki. Ba ya cin ruwa da zurfi, don haka ana iya kai shi gaɓar yashi a sauke mata da tsofaffi ba tare da sun jiƙe har gwiwa ba. Ga mai fatsa kuma, fili ne daga hanci har baya. Mutum uku za su jefa ƙugiya ba su sarƙe zaren juna ba.

Illolinsa ma a fili suke. Rana tana dukan kowa, babu inda za a fake. Idan iska ta bugo daga gefe, na zaune a baya sai sun sha feshin ruwa. Injin da aka fi samunsa da shi mai ƙara ne da hayaƙi. Babu makewayi, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mata: fitar da ta wuce awa uku sai an tsara inda za a tsaya a tudu, ko a yi ɗan labule a gaba da bokiti mai murfi. Mazan da ke sayen jirgi sukan manta da wannan, sai bayan fita ɗaya ko biyu su ga iyalin sun daina sha'awar zuwa ba su san dalili ba.

Batun yawan mutane a yi shi tun kafin ciniki, domin dillali zai ce maka jirgin yana ɗaukar mutum 20, kuma ba ƙarya ya yi ba, haka ake lodinsa a tasha. Wannan lodin neman kuɗi ne. Akwai wani lissafi da masu ƙananan jirage ke amfani da shi a Amurka idan jirgi ba shi da farantin da ke nuna nauyin da zai ɗauka: tsawo sau faɗi, da ƙafa, a raba da 15. An yi shi ne don jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba, amma yana ba da ƙiyasi mai amfani. Jirgi mai tsawon 23 da faɗin 6 da rabi yana ba da mutum 10, kowane a kan kilo 68, jimla kilo 680. Cire nauyin fetur, kular abinci da ƙanƙara, anga da sarƙarta, kayan fatsa, sai ka ga mutum takwas ne ke tafiya cikin natsuwa, har da direba. Haɗarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban shekarar, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne, duka an ambaci lodi fiye da ƙima a cikin musabbabansu. Ka auna faɗin jirgin da kanka da tef, domin na kwaikwayo sukan fi na asali tsukewa.

Duban ƙwaryar jirgin

Kada a yi cinikin biri a sama. Bidiyon waya ba ya nuna ruɓewa. Jirgin ya kasance a tudu, busasshe, a wanke, da rana tsaka. Wanda ya ƙi fito da jirginsa daga ruwa a duba cikinsa, akwai abin da ba ya so a gani.

A fara da allon baya. Daga waje faiba ne, amma a tsakiyarsa katakon filawud ne mai kauri da aka lulluɓe, shi ke ɗaukar nauyin inji da turinsa. Kowane rami da aka huda don kusar inji, in ba a toshe shi da abin hana ruwa ba, ƙofa ce ga ruwa. Katakon ya sha ruwa shekara da shekaru, ya ruɓe a ɓoye, faiban waje kuwa yana nan da kyansa. Gwaji na farko: a ɗaga ƙafar injin sama, mutum mai ƙarfi ya danna ta ƙasa ya saki, sau da yawa, kai kuma ka zuba ido a kan allon. Lafiyayyen allo ba ya motsi ko kaɗan, jirgin gaba ɗaya ne ke girgiza. In ka ga allon yana lanƙwasa, ko tsaga a kusurwowinsa tana buɗewa tana rufewa, ya tafi. Gwaji na biyu: a bi shi da ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba ko gudumar roba, taki-taki. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Na uku, wanda ya fi duka: a kwance kusa ɗaya ta ƙasa, a zura ƙusa ko waya cikin ramin. In ta fito da baƙin gari mai laima, ko ruwa mai launin shayi ya biyo ta, an gama magana. Haka kuma in zoben ƙarfen da ake sa wa kusa ya lotsa cikin faiba, ko an ɗaura faffaɗan farantin ƙarfe a bayan allon, alama ce cewa wani ya riga ya san matsalar ya rufe ta.

Ruɓaɓɓen allo ba ya hana saye, amma dole ya sauke farashi sosai, saboda gyaransa aiki ne na gaske: a yanke faiban ciki, a ƙwaƙule katakon gaba ɗaya, a bar wurin ya bushe, a manna sabon filawud na ruwa ninki biyu, a sake lulluɓewa da tabarmar faiba da rezin, wato ruwan ɗankon da ke daskarar da ita, hawa-hawa. Mai gyaran da ya ce zai zuba rezin ta rami kawai ya ƙarfafa shi, kuɗinka zai ci. A zafin Arewa kuma a kula da ruwan da ke daskarar da rezin: kashi 1 cikin 100 ya isa da rana, wato mililita 10 a kilo ɗaya. In aka zuba da yawa, rezin ya yi zafi ya daskare kafin ya ratsa tabarmar, aikin ya fito da gautsi.

Sai daben ciki. A cire takalmi a taka ko'ina, musamman gaban bencin baya da inda fasinja ke dirowa. Wurin da ya yi laushi kamar katifa, katakonsa ya mutu, kuma sau da yawa haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa ma sun bi shi. A jirage masu ciki biyu, tsakanin dabe da ƙasan jirgi akwai iska ko soso na musamman, wanda shi ne ke hana jirgin nutsewa ƙasa idan ya cika da ruwa. Tsohon soso yana shan ruwa ya riƙe, ya ƙara wa jirgi nauyi mai yawa da ba a gani. A ɗaga hancin jirgin sama, a cire toshiyar baya, a jira minti goma. Ɗan kofi ɗaya ba komai ba ne. In bokiti ya cika kuma ruwan bai daina ɗiga ba, to jirgin yana ɗauke da fasinjojin da ba su biya ba, kuma shi ne dalilin da zai sa ya ƙi miƙewa a kan ruwa ko da injin lafiya lau.

A kwanta a leƙa ƙashin ƙasa daga hanci zuwa baya. Jirgin da aka saba jan sa a kan yashi da tsakuwa, nan yake cinyewa har zaren faiba ya fito fili. Wannan gyara ne mai sauƙi, a kankare a ƙara hawa uku ko huɗu. Ƙananan tsage kamar saƙar gizo a fatar waje yawanci na tsufa ne. Wanda ake tsoro shi ne doguwar tsaga da ta bi layin haƙarƙari, ko faci mai faɗi da aka shafe da sabon fenti. A duba bayan facin daga ciki: in an yi shi ta fuska biyu kuma gefensa ya baje a hankali, aiki ne mai kyau, in an ɗora shi kamar filasta a kan tsohon fenti, wuƙa ma za ta ɓamɓare shi. Sabon fenti a ƙasan tsohon jirgi, alhali samansa ya koɗe, abin tambaya ne. Dabara ɗaya mai arha: da yamma a sa fitila mai ƙarfi a ciki, a duba daga waje. Inda faiban ya yi siriri haske zai fi ratsawa. Da wannan ake gane jiragen kwaikwayo da aka yi wa rowar tabarma.

Inji

A nan rabin kuɗin yake, wani lokaci fiye da rabi. Abin da aka fi samu a bayan W23 shi ne Yamaha Enduro, mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki: mai ƙarfin doki 40 ko mai doki 75, jefi-jefi mai 60. Harufan da ke jikin farantinsa suna da ma'ana. A E40XMHL, E na nufin Enduro, M tayarwa da igiya, H tuƙi da hannu, L doguwar ƙafa. Doguwar ƙafa ta allon baya mai tsayin inci 20 ce, gajera mai harafin S ta inci 15. A auna allon kafin a sayi inji dabam. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba. In ya yi sama, farfela tana shaƙar iska a kwana, injin ya yi ihu jirgin bai tafi ba, famfon ruwan da ke sanyaya injin ma ya rasa abin sha. In ya yi ƙasa da yawa, mai kawai ake ƙonawa, kuma ƙafar ta fi saurin cin karo da kututture.

Dalilin da ya sa muke fifita Enduro a kan injin zamani mai bugu huɗu ba don ya fi shi kyau ba ne. Mai bugu huɗu ya fi shiru, ya fi tsimin mai, ba ya hayaƙi, kuma ga iyali wannan daɗi ne. Amma ba ya jure gurɓataccen fetur, masu allurar lantarki a cikinsu sai da na'ura ake gano cutarsu, kuma kayan gyaransu sai an aika Legas. Enduro kuwa, duk mashigar da ake lodin jirage akwai wanda zai kwance kafiretonsa a kan tabarma ya mayar kafin la'asar.

Tsakanin 40 da 75, ga yadda abin yake. Mai 40 silinda biyu ne, nauyinsa kilo 70 da ɗoriya, mutum biyu za su sauke shi su kai ɗaki, abin da ke rage fargabar sata. In an buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa. Da mutum huɗu ko biyar zai ɗaga jirgin ya miƙe. Da takwas da kaya, tafiya zai yi a hankali, hanci sama, baya a nutse. Mai 75 silinda uku ne, ya haura kilo 110, a cikakkiyar wuta yana shan fiye da lita 30 a awa, amma yana ɗaga cikakken lodi, sannan a sassauta masa ya riƙe gudun a kashi uku cikin huɗu na wuta, inda shansa ke sauka sosai. Ga wanda zai fita a Tiga ko Challawa, kusa da gaɓa, 40 ya wadatar. Ga tafkin Kainji, mai tsawon fiye da kilomita 100, inda hadari zai iya riskarka nesa da mashiga, 75 ya fi, domin ƙarfin da za ka gudu da shi kake saye. A tabbata dai allon baya zai iya ɗaukarsa, kuma a ɗaure shi da kusoshi masu ratsa allo, ba da maƙallan hannu kaɗai ba.

A je duban inji da sassafe, a taɓa kansa a ji da sanyi. Injin da aka ɗumama kafin isowarka yana ɓoye wahalar tashi. Kada a yarda a tayar da shi a busasshe ko na daƙiƙa kaɗan: robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. A sa ƙafar a durom mai ruwa har ya rufe farantin saman farfela. Da ya tashi, a duba fitsarin da yake yi ta gefe, wato ruwan sanyaya inji da yake fesowa. Ya fito da ƙarfi, ba ɗigo-ɗigo ba. A duba fentin kan silinda, in ya canza launi ko ya kumbura, injin ya taɓa yin zafi fiye da ƙima.

Bayan ya ɗumi, a kashe, a cire duk fulogi, a cire igiyar kashe wuta, wadda in an zare ta injin ke mutuwa, a buɗe maƙura gaba ɗaya, a ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda a ja igiya sau huɗu ko biyar. Ma'aunin ba shi da tsada, kuma makanikin mota ma yana iya samunsa. Lafiyayyen inji irin wannan yakan nuna sama da 100 a ma'aunin psi, amma abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne daidaito: bambancin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta nuna 120 ɗaya 90, akwai ringi da ya maƙale ko bangon silinda ya karce, galibi saboda an taɓa tafiya da fetur marar isasshen baƙin mai. Fulogin ma suna ba da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai maiƙo, mai ya yi yawa. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi duhu, ruwa ne ke shiga wannan silindar ta gaskit.

Daga nan a sauko ƙafa. A kwance kusar man giya ta ƙasa kaɗan, a tari abin da ya fito a farar takarda. Mai mai launin zuma ko duhu, babu laifi. Mai kama da madara ko kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne zaren fatsa ko na raga da ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Ƙurar ƙarfe mai laushi a kan kusar abu ne da aka saba. Ɓarɓashin da ake ji a yatsa, haƙoran giya ne ke ci. A cire farfela a juya sandarta a duba ko tana rawa, alamar ta taɓa bugun dutse. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, kamar yawancin na Kudu, yana da ciwo na musamman: kusoshinsa suna kamewa cikin alminiyam. A sa mai sayarwa ya kwance kusa ɗaya ta ƙafa a gabanka. In ta karye, ka san abin da ke jiran makanikinka a duk sauran.

A lura kuma da injunan China da aka kwaikwayi zanen Enduro. Da sunansu na gaskiya da farashinsu na gaskiya, ciniki ne halal. Matsalar ita ce wanda aka yi wa fenti da sitika aka sayar da sunan Yamaha. Farantin lamba da ke jikin maƙallin inji ya kasance bai nuna alamar an ɓamɓare an sake mannawa ba, kuma lambar ta yi daidai da ta rasit. Injin da aka kankare lambarsa, komai arharsa, a bar shi. Satar injin jirgi sana'a ce a bakin ruwa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

Gwaji a ruwa shi ne na ƙarshe, kuma a yi shi da nauyin da za a riƙa ɗauka. In babu mutane, a loda buhunan yashi ko jarkokin ruwa. A yi aƙalla minti 30. A buɗe wuta duka na minti biyar, a ga ko zai riƙe ko zai fara shaƙewa. Da ɗan ma'aunin juyi da ake naɗawa a wayar fulogi, ya kamata ya kai tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. In bai kai ba kuma matsinsa lafiya, ko dai jirgin ya sha ruwa, ko farfelar ta yi masa nauyi; rage inci ɗaya a karkatar farfela yana ƙara juyi kusan 200. In giya tana fita da kanta da ƙara kamar an bugi ƙarfe, haƙorin da ke kama giya ya cinye. In injin ya ɗaga murya gudun bai ƙaru ba, robar tsakiyar farfela ce ke sulɓewa, wannan kuwa ƙaramin abu ne. Da an dawo, a sake ɗaga hanci a cire toshiya a ga ruwan da ya shiga cikin rabin awar nan.

Abin da za a kashe bayan saye

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka tanada don abin da zai biyo baya, kada a zuba duka a ciniki. Ko me mai sayarwa ya rantse a kai, a canza robar famfon ruwa, man giya mai lamba 90, fulogi, tiyon mai da 'yar robar da ake matsawa, a wanke kafireto da tanki. Ruwan kogunanmu yana da yashi, don haka robar famfo a riƙa canza ta duk shekara. Man giya kuma duk awa 100 na aiki. A ƙara matatar da ke raba ruwa da fetur tsakanin tanki da inji. Man jarka na bakin ruwa ba ya rasa ruwa da datti.

Haɗin mai 50 da 1 ne: tankin lita 24 yana ɗaukar mililita 480 na baƙin mai, jarkar lita 20 kuma mililita 400. A yi amfani da man injin jirgi mai alamar TC-W3, ba man mota ba, wanda ke barin toka ya maƙale ringi. In an sa sabbin fistin da ringi, awa 10 na farko a ninka man, 25 da 1, kuma kada a matsa masa. A auna da kwalba mai lamba, ido ba mudu ba ne. Lissafin fetur kashi uku ne: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Fitar da mai 75 zai yi awa biyu yana aiki, tanki uku na lita 24 ake ɗauka, da kusan lita ɗaya da rabi na baƙin mai. Wanda wannan lissafin ya tsorata, gara ya sani tun yanzu, domin jirgin da aka saya aka kasa ciyarwa a inuwar mangwaro yake ƙarewa, kaji na ƙwai a ciki.

Don iyali, rumfa ce farko: bututun alminiyam ko ƙarfe marar tsatsa da tamfol, mai naɗewa, kada ta yi tsayi da yawa don iska tana kama ta. A bar bayan jirgin a buɗe saboda hayaƙi ya wuce kuma mai fatsa ya sami wurin jifa. A shafa wa dabe fenti mai yashi, faiba mai laima santsi gare shi. A sa ɗan tsani a baya, nesa da farfela. Babban mutum da jiƙaƙƙun kaya ba ya iya hawowa ta gefe, ko da ya iya ruwa. Rigar ruwa kowa da tasa daidai nauyinsa, ta yara mai abin wuya da maɗauri ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba yaro yana faɗawa ruwa rigar za ta zame ta kansa. A sanya ta a kan hijabi, ba a ƙarƙashi ba, kuma mai dogon mayafi kada ta zauna kusa da inji. Rigunan da ke zuwa tare da tsohon jirgi yawanci sosonsu ya mutu. A gwada su a ruwa marar zurfi kafin a dogara da su. Igiyar kashe wuta a ɗaura ta a hannun direba kullum, ba a naɗe ta a jikin inji ba.

Sauran kaya: filafilai biyu, gwangwala, bokitin kwarfe ruwa da aka ɗaure da igiya, farfela ta biyu da notinta da filinta, fulogi da sifanarsu, igiyar tayarwa ta ajiya, fitila, usur, abin kashe gobara, da anga mai sarƙa mita uku zuwa biyar. Igiyar anga ta kai ninki biyar na zurfin wurin, don haka mai tsayawa a ruwa mai mita 8 yana bukatar mita 40. A ɗaura ta a hanci, kada a taɓa ɗaura ta a baya. A kogi mai gudu, angar baya tana jan allon ƙasa ruwa ya afko.

Wajen ɗauko shi daga Kudu, a sauke injin a kwantar da shi dabam ta gefen da littafinsa ya nuna, jirgin kuma ya zauna a kan ƙashinsa bisa tayoyi ko katako a wurare da yawa, a ɗaure da bel mai faɗi. Sarƙa da siririyar igiya suna cin gefen faiba kafin a kai Mokwa.

Takardu: rasit mai ɗauke da lambar inji, takardar yarjejeniya da shaidu, takardar kwastan in injin daga waje ya shigo, sannan rajista da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja. Ita ce ta wajabta rigar ruwa kuma ta hana tafiyar dare. Lasisin kamun kifi na jiha ne. A madatsun ruwa akwai hukumar da ke kula da kowace, kuma ba a kusantar bakin injinan wuta ko ƙofofin sakin ruwa.

Jirgin da ya saba da ruwan Legas, a Arewa abokan gabarsa dabam ne. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968, ya rufe dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kuma ruwansa yana hawa da sauka da mitoci da yawa a shekara, don haka hanyar da aka bi lafiya a watan Disamba tana iya zama cike da kututture a watan Yuni. A wurin da ba a sani ba a sassauta gudu, a saki makullin ƙafar inji yadda in ta bugi abu za ta ɗaga sama maimakon ta fizge allon baya. Ragar masunta tana shimfiɗe a ƙarƙashin 'yan gorunan da ke yawo a sama. A zagaye su, don farfela ta yanke raga rigima ce da asarar robar giya a lokaci guda. A farkon damina hadari yana tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi kafin ruwan ya sauko, kuma da an ga gabas ta yi baƙi a nufi gaɓa mafi kusa, ba mashigar da aka taso ba. Da hunturu hazo yana ɓatar da gaɓa gaba ɗaya. Inda aka ce akwai dorina, a ba ta fili mai yawa, musamman mai ɗa. Yara kuma kada a bar su wanka a gefen madatsa mai ciyayi da katantanwa, nan ake ɗaukar tsargiya.

Saboda duk wannan, fita biyar ko shida na farko a ɗauki direba daga cikin Sarkawan wurin, a biya shi, a kuma je a gaida Sarkin Ruwa kafin a sa jirgi a ruwansa. Shi zai faɗi inda kututture yake, inda giwan ruwa ke kwanciya, da ɓangaren da ba a zuwa saboda tsaro. Fitar farko a yi ta ba tare da yara ba, da buhunan yashi a madadinsu, har sai mai jirgin ya iya kawo shi gaɓa da iska a gefe ba tare da ya buga hanci ba.